Leɓena Ya Riga Ni Shiga Jirgin Ƙasa

Salamu alaikum mutanen Fagge da na Sabon Gari, da duk wanda rana ke gasawa a wurin neman tuwo. Ku matso in ba ku labarin leɓena na ƙasa sau ɗaya kowa ya ji. Tun da aka sallamo ni daga asibiti na maimaita shi ya fi sau dubu, likita kuwa cewa ya yi in rage wahalar da bakin.

Sunana Bukar, amma in ka shiga tashar mota ka kira Bukar, mutum goma za su waiwayo, ba ni a ciki. Ka ce Baturen Fagge. Ni zabiya ne, haka Allah ya yi ni, kuma ban taɓa kai ƙara ba. Mu Barebari ne, kakana ya biyo fatake daga Barno ya sauka a Fagge, ya ji daɗin wurin ya ƙi komawa. Sana'ata kamasho, ni ke cika motar Gumel.

Ga inda fito ya shigo. Sauran 'yan kamasho suna hango fasinja tun daga nesa, su ruga su sauke masa kaya. Ni in rana ta take ko raƙumi ne ya taho sai ya kusa take ni nake ganinsa. Sai na ce to, tunda ba na hango fasinja, fasinja ya nemo ni. Na koyi fito, yatsa biyu a baki. In na yi shi a tasha, jakunan da ke bakin kasuwar Kurmi sai sun ɗaga kunne. An ce akwai ranar da direban jirgin ƙasa ya tashi kafin lokaci don ya zaci shi aka busa wa. Ban gani ba, amma ban musa ba. Duk mai zuwa Gumel ya sani, in ka sauka ka tsaya ka saurara, inda fito ya tashi nan motarka take. Da wannan fiton nake ci, da shi matata Falmata take ɗora tukunya, da shi nake riƙe da Inna Yagana, ƙanwar mahaifiyata da ta raine ni.

Shekara goma sha nawa ina tsaye a filin nan daga hantsi zuwa la'asar, da hulata ta Barno a gaban goshi, ko inuwar kwabo ba ta bayarwa. An sha ce mini in sa malfa. Ni, Babarbare, in sa hular Fulani? Ga Jauro a tashar, Bafillace ne, shi ke cika ɗaya motar Gumel ɗin, kullum muna wasan nan namu na Barebari da Fulani. Duk ranar da ya gan ni da malfa ai sai ya tara tasha ya ce bawa ya sa hular ubangidansa. Na ce gara rana ta soya ni.

Ta kuwa soya ni.

Abin ya fara kamar wasa. Da sanyi leɓen kowa yana bushewa, na shafa man shanu na wuce. Sanyi ya tafi, zafi ya zo, damina ta sauka, leɓen kowa ya koma daidai ban da nawa. Wani ɓawo yake yi siriri, in ɓare shi da haƙori, kwana uku ya dawo. In na lasa sai in ji kaushi kamar harshen kyanwa. Na ƙasa kaɗai, na sama lafiyarsa ƙalau. Babu zafi, kuma rashin zafin nan shi ya cuce ni. Daga baya wani fari-fari ya fito a tsakiya kamar an shafa toka.

Maganin da na yi masa shi ne goro. In tauna, in mulke jan a leɓe da harshe, shi ke nan ba mai ganin komai. Falmata ta ce ba a iya ba, ta ɗauko furen taba irin wanda matanmu ke jan haƙori da shi, kullum da safe ta goga mini. Sai in fita da baki jawur kamar amarya, ina taƙama.

Wanda ya tona mini asiri Okoro ne, mai hoto a Sabon Gari. Ibo ne, amma Hausarsa ta fi ta wasu 'yan birni. Kowace Babbar Salla nakan je ya ɗauke ni, sannan ya zauna da ɗan burushi ya sa wa hoton kala da hannu. Da na je karɓar na bana sai ya ce, "Bature, zauna tukuna."

"Oga, in fenti ne ya ƙare a kaina, ka rubuta wa Gwamna."

Bai yi dariya ba. Ya jera hotuna uku a tebur, na bana da tsofaffi biyu, ya miƙo mini gilashin da yake duba aiki da shi. "Rabin yini na yi jiya ina neman inda leɓenka ya tsaya. Bakin kowa yana da iyaka, kamar gefen riga, ita nake bi da burushi. Dubi na shekarun baya, layin ya fita tas. Dubi na bana."

Na duba. Leɓen da fatar haɓa sun shige juna, ba ka cewa ga inda wannan ya ƙare.

"Injinka ne ya tsufa," na ce.

Ya jiƙa ƙyalle ya ce in goge bakina. Na goge, ya daɗe yana kallo. "Matata nas ce. Na ga abin da ba na so. Ka je asibiti, abokina."

Na ce masa to, na fita ina yi masa tsiya, na sayi goro a bakin hanya na mai da fentina.

A gida kuwa Inna Yagana ta riga ta gama bincike. Ku sani, a gidanmu fito haramun ne. Tun ina yaro take dukana a kai, Falmata ma tun ranar da aka kawo ta ta bi sahu. In na manta na yi ko kaɗan a tsakar gida, sai ka ji muciya ta tsaya.

"Ɗan nan, tun yaushe nake gaya maka fito kiran aljanu ne?" in ji Inna. "Ka kira, ka kira, ka kira. Yau ɗaya ya amsa, ya ɗora maka yatsa a baki. Me kake so a yi maka?"

"Inna, da aljanu na amsawa da motata ta riƙa cika kafin hantsi."

"Ci gaba. Bakin ne dai."

Mako biyu ina shan hayaƙi a ƙarƙashin bargo har na fara ƙanshin kilishi. Mako na uku aka kawo man kaɗanya da wani garin saiwa daga Barno. Na huɗu aka kira wanzami, ya kankare farin da aska, ya karɓi ladansa da zakara ya tafi. Wurin ya yi jini, ya warke, farin ya dawo ya fi na da kauri. Sai kuma tsakiyar leɓen ta tsage, tsagar da ba ta rufewa. Duk fiton da na yi sai ta buɗe.

Ran wata kasuwar Gumel, tasha ta cika, na sa yatsa na busa, sai sautin ya karye a tsakiya kamar na zakaran da bai gama balaga ba. Na duba farar rigata, ga ɗigon jini. Jauro yana gefe, na jira tsiyarsa. Ya buɗe baki, ya dubi rigar, ya rufe. Shirun Bafillacen nan shi ya kai ni asibiti.

Ga wautar da na tafka, ku rubuta ta. Zan je gaban likita, sai na ce ai ba a zuwa gaban manya da baki fari. Na tauna goro biyu, Falmata ta goga mini fure har sau biyu. Daga sallar asuba na kama layi. Layin karɓar kati daban, layin jiran a kira ka daban, kuma duka a rana, inuwar bishiya ɗaya ce mutum ɗari suna rabo. Sai bayan azahar aka kira ni.

Likitan Bature ne na gaske, dogo, hancinsa duk ya saɓule. Yana jin Hausa tsinto-tsinto, akwai malamin asibiti a gefe yana cike masa. Ya dube ni, na dube shi. Na ce, "Likita, yau dai an haɗu, ɗan'uwa."

Ya yi murmushi ya ce in buɗe baki. Ya goga auduga, ta fito ja. Ya sake gogawa, ja. Ya ajiye. "Me zan gani a nan? Ka rina shi. Kwana bakwai, ba goro, ba fure, ba mai. Ka dawo."

Yini guda a rana, ganin likita bai kai tsawon alwala ba.

Kwana bakwai ba goro. Jama'a, na yi azumi tun ina ɗan shekara tara, ban san yunwa ba sai a makon nan. Kaina ya yi nauyi kamar buhun gyaɗa. Na yi faɗa da direba, na yi faɗa da mai kunu, na yi faɗa da akuyar maƙwabta. Masu goro suna gani na suna yi mini ta'aziyya. Amma a rana ta bakwai da Falmata ta miƙo mini madubinta, na ga abin da na yi wata da watanni ina rufewa: leɓe ya kumbura kaɗan, fari da ja sun cakuɗe, ɓawo a kai, tsaga a tsaka. Ta kalla ta ce, "Malam, ni na riƙa shafe wannan da hannuna?" Ta shiga ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba.

Da na koma asibiti, a layi na zauna kusa da wani dattijo, zabiya kamar ni, manomi daga ƙauye, ya rufe baki da rawani. Na fara tsokanarsa, na ce Baba, Turawa biyu a layi ɗaya, yau asibiti ta yi baƙi. Ya yi dariya da ido. Can ƙishi ya kama shi, ya sauke rawanin zai sha ruwa. Ba zan kwatanta muku ba. Leɓen ƙasa babu rabinsa, haƙora a waje, ga ƙulli a wuya. Ya ce nasa ma da ɓawo ya fara, shekara huɗu da suka wuce.

Wannan karon likita ya daɗe. Ya kama leɓen da yatsa biyu yana murzawa, wai yana neman tauri. Ya lalube ƙarƙashin haɓata da wuyana yana neman kaluluwa, bai samu ba, ya gyaɗa kai. Ya tambayi aikina, na faɗa. Ya ce ina hulata, na nuna masa. Ya juya ta a hannu ya ce, "Wannan ado ce."

"Rana ce ta yi maka," in ji shi.

"Likita, rana ɗaya ce a kan kowa. Me ya sa ta bar na sama ta kama na ƙasa?"

Ya ɗora yatsa a hancinsa. Malamin asibiti ya fassara: hanci rumfa ne, yana kare na sama, na ƙasa kuwa shi ne a shanye. Baƙin fata riga ce da Allah ya ba mutane, ni da shi ba mu samu ba. Ya ce a ƙasarsu masunta da manoma ke fama da irin wannan.

Sannan ya yi mini allura a leɓe, ya yanki ɗan nama bai fi ƙwayar shinkafa ba, ya jefa a kwalba mai ruwa. Na ce ina za a kai shi. Ya ce kudu, wurin masu duba nama da madubi mai ƙara girman abu, a jirgin ƙasa.

Jirgin ƙasa! Ni da na tsufa ina saka mutane a mota, ban taɓa wuce Zariya ba, ga leɓena zai tsallake kogin Kwara. Na tambayi ranar da jirgin kudu ke tashi, na sa babbar riga na tafi tashar jirgi rakiya. Na tsaya ina ɗaga wa taragon wasiƙu hannu. Wani ɗan dako ya ce wa na kawo, na ce ɗan'uwana ne na jini, karatu zai tafi. Kafin magariba duk Fagge ta ji. Jauro ya ce Allah ya sa ya dawo da hankalin da maigidansa bai da shi.

Mako uku muna jira. A waje ina ba da labarin irin garuruwan da leɓena ke gani. A gida kuwa in na zauna cin tuwo sai dattijon nan ya faɗo mini, in ture kwano. Inna ta karɓo mini rubutu wurin malamin unguwa, na sha da zuciya ɗaya, don a nan ba ni da abin tsokana.

Ranar da takarda ta dawo, likita ya zaunar da ni ya zana mini a bayan kati. Malamin asibiti ya san ni a tasha, sai ya fassara mini da yarena. Ya ce fatar leɓe kamar bayan mota ce, fasinjoji a zaune layi-layi a kan katako. Nawa rana ta rikita su: sun cunkushe, wasu sun yi manyan kawuna, ba mai zaune a wurinsa, sama kuma kaya sun yi tudu, shi ne farin da nake gani. Naman da ke ƙasa ya saki kamar tsohuwar igiya. Amma katakon bai fashe ba, ba wanda ya zurma ciki.

"To ciwon daji ne ko ba shi ba ne?"

Wannan karon likita da bakinsa ya amsa. "Ba daji ba ne tukuna."

Tukuna. Har yau in na ji mai shayi ya ce ruwa bai tafasa ba tukuna sai gabana ya faɗi.

Ya ce ba kowane irin wannan ke zama daji ba, amma ba wanda zai iya gaya mini nawa wane iri ne, kuma tsagar da ta ƙi rufewa ba ta yi masa daɗi ba. Abin da yake so shi ne ya feƙe jan leɓen gaba ɗaya daga gefe zuwa gefe, ya jawo fatar cikin baki ya ɗinke a wurin.

"Fito fa, likita?"

Ya ce in yi ya ji. Na yi ɗan rabi, nas ta yar da faranti a ɗaki na gaba. Ya yi dariya, sannan ya daina. "Ban sani ba. Wataƙila ya dawo, wataƙila bai dawo ba."

Na so ya yi mini ƙarya ko 'yar kaɗan. Bai yi ba. Na karɓi katina na gudu, mako guda ban koma ba. Okoro ya biyo ni har Fagge, abin da bai saba yi ba, ya zauna a zaure ya yi ta magana, na yi ta kawo masa dalilai. Ɗan kamasho makaho-makaho kuma ba fito, ai wannan turke ne aka kafa a tasha. Wadda ta gama da ni Falmata ce. Tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Malam, in fiton ya tafi, zan soya ƙosai a ƙofar gida. In bakin ya tafi, wa zai ci?"

Na koma.

Aikin kansa ba ni da labarinsa mai daɗi. Allura huɗu, fitila a ido, ina jin ana ja ana ɗinki kamar ana gyaran takalmi. Da aka gama na tabbata leɓena ya kai girman matashin kai. Dokar da aka kafa mini ita ce azabar: kwana goma ba magana, ba dariya, ba tauna.

Kwana goma ba magana, ni. Labari ya kai tasha, mutane suka riƙa zuwa dubiya don kawai su ga abin da ido. Jauro ya zo rana ta uku, ya ja kujera ya zauna daidai kaina.

"Bawana, sannu. Ashe akwai ranar da zan yi magana ka saurara. Jama'a ku shaida, zan tambaye shi. Barebari bayin Fulani ne ko ba bayinsu ba ne? In ƙarya nake ya musa." Ya kasa kunne. "Kun ji, ya yarda."

Duk ɗakin aka kwashe da dariya, ni ina danne tawa da hannu biyu, hawaye na zuba, nas ta zo ta kore shi. Da zai fita ya ajiye wani abu a ƙafar gado. Malfa ce sabuwa, mai faɗi kamar faifai, an yi mata ado da jar fata. "In ka ƙi sawa," in ji shi, "ni zan zo in ɗaure maka da igiyar shanu."

Kuɗin cizon gadon asibitin nan sun sha jinina fiye da wuƙar likita, kuma akwai nas ɗaya da in tana wanke ciwo sai ka ce tukunya take kankarewa. Amma matar Okoro kullum sai ta leƙo ta duba ɗinkin ko ba aikinta ba ne, Allah ya saka mata. Falmata kuwa daga Fagge take takowa da ƙafa safe da yamma. Kunu mai ruwa-ruwa, da ƙaramin cokali, ta gefen baki, cokali ɗaya in haɗiye ta jira. Ta wanke da ruwan gishiri, ta zauna da mafici tana korar ƙuda. 'Yan kunnenta na aure ban sake ganinsu ba tun makon nan, na tambaya ta ce sun yi mata nauyi.

Kafin in ƙarasa, ga abin da ya sa na tara ku. 'Yan'uwana zabiya, da jajayen mutane, da duk mai wuni a rana, 'yan dako, masu ɗora buhu a dalar gyaɗa, manoma: in leɓen ƙasa ya bushe ya ƙi warkewa har damina, in yana ɓawo yana dawowa, in ya yi fari ko iyakarsa ta ɓace, kada ku jira zafi, ba ya zuwa da wuri. Kada ku rufe shi da goro, kada a kai masa aska. Ku je asibiti da bakinku yadda yake, kada ku yi asarar yini irin tawa. Ku sa malfa ko ta wace ƙabila ce. Ni yanzu duk wata uku nake komawa a duba ni, ina shafa wani farin mai da likita ya ba ni, Jauro yana bi na yana cewa na sha musu nono ban goge baki ba.

Saura maganar fito.

Da aka cire zare na dawo gida, leɓen ya zama siriri, a ɗaure, kuma ba na jinsa, kamar aro na yi. In na sha shayi rabi a riga. Na zaga bayan gari inda ba kowa, na sa yatsa na busa. Iska da yawu. Na sake. Iska da yawu.

Na koma tasha da malfata. Na yi ta kiran Gumel da maƙogwaro, amma wa zai ji ka a cikin wannan hayaniya? Ina jin fasinjojina na shekaru suna wucewa ta gabana suna tambaya ina mai fiton nan yake, ko ya mutu. Jauro yana turo mini wasu a ɓoye, yana cewa motarsa ta cika alhali ban ji ta tashi ba. Direbana kuwa na ji yana tambayar wani ko ya san mai murya da zai maye gurbina. Mako na shida na wayi gari na ƙi fita. Na zauna a tsakar gida a kan turmi, malfa a gwiwa.

Falmata ta ajiye tsintsiya ta tsaya a gabana. "Yi."

"In yi me?"

"Fiton. Yi in gani."

"A cikin gida?"

"Bayan gari wa yake ganin bakinka ya gaya maka inda iskar ke zurarewa? Yi mana."

Na saci kallon ɗakin Inna. Tana zaune a bakin ƙofa da carbi, ta juya fuska wajen bango. Na busa. Falmata ta durƙusa tana leƙen bakina kamar mai duban haƙorin doki. Ta ce ta hagu take fita, leɓen bai kai ya rufe haƙora kamar da ba, in tura yatsun ciki sosai in naɗe harshen. Kullum bayan karin kumallo haka muke yi, ita tana gyara mini yatsu, ni ina fesa mata yawu. Rana ta tara wani ɗan sauti ya fito kamar na ɗan tsako. Kaza ta waiwayo, ita kaɗai.

Rana ta goma sha biyu, ban ma shirya ba, na ja numfashi na busa, sai ga shi. Bai kai na da kauri ba, ya fi shi tsini, amma fito ne. Tantabarun maƙwabta suka tashi gaba ɗaya. Falmata ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, matar da ta yi shekara goma tana tsayar da muciya a kaina.

Muka juya wajen Inna. Carbin ya tsaya a hannunta.

"Ɗan nan, sake yi. Ban ji da kyau ba."

"Inna, aljanun fa?"

Ta goge ido da gefen mayafi. "Su zo. Akwai tabarma."

Na sake yi. Sannan na ɗaure malfata a haɓa na nufi tasha, don na san Jauro yana can yana cika motarsa da mutanena.